Sandunan rezo cike, amma intanet na rarrafe: me zan taɓa a saitin rediyon wifi ɗina?

MaiWifi_GarinMalam:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman agaji, abin ya ci tura. Wata bakwai ke nan da na kafa wifi a ƙofar gidanmu nan Garin Malam, ina sayar da tike. Na'ura guda ce ta waje mai eriya biyu, a zangon sigina na 2.4 GHz kaɗai take aiki. Na ɗaure ta a kan ƙarfe mai tsawon mita 12, kebul ya sauko zuwa MikroTik, wato na'urar raba intanet da ke shagona. Da farko lafiya lau. Yanzu kuwa da rana komi na tafiya, amma da zarar an sallame isha'i ƴan fada sun ɗora shayi, sai ka ce an ɗaure shi da igiya. Sandunan rezo cike a waya, bidiyo sai juyawa, ko saƙon murya na WhatsApp sai an yi ta jira. Jiya wani yaro ya tsaya mini a gaban mutane wai in maido masa dala ashirin ɗinsa.

Na shiga saitin rediyon na kai ƙarfi ƙarshe. Tasha, wato layin da siginar ke bi, tana kan oto, na'ura ke zaɓa da kanta, faɗin tasha yana kan 20/40. Akwai kuma mutum biyu da suka kafa nasu a unguwar kwanan nan. Me zan taɓa? Ko dai in nemo wadda ta fi ta ƙarfi?

BabanFada_Zango:
Wa alaikumus salam. Ba saiti ba ne, kamfanin da kake sayen intanet ne. Da dare duk garin ke hawa kai, kowa haka yake gani. Haƙuri kawai.

Injiniya_TudunJamus:
Kafin a ɗora wa kowa laifi a gwada tukuna. Malam MaiWifi, yau wajen ƙarfe 9 na dare, daidai lokacin da ake kuka, ka jona kwamfuta da kebul kai tsaye a jikin MikroTik ɗin, ka kashe mata wifi, ka auna gudun. In nan ma rarrafe yake, to maganar BabanFada ce. In yana gudu, ciwon yana can saman ƙarfenka. Ka kuma duba mana wayoyi nawa ke haɗe a lokacin.

MaiWifi_GarinMalam:
Na gwada, Injiniya. Ta kebul mega 60 da ɗoriya. A wayata kuma, ina tsaye a gindin ƙarfen, ko mega 1 bai cika ba. Wayoyi 43 ne a haɗe.

Injiniya_TudunJamus:
To ka ga an wanke kamfani. Bari in fara da ƙarfin nan da ka kai ƙarshe, don da shi kusan dukkanmu muka fara yin tuntuɓe, har da ni.

Ladanin masallacin Juma'a da lasifikarsa, kana can bayan gari kana jin sa rangaɗau. Amma in ka amsa masa daga inda kake tsaye, zai ji ka? Haka wifi yake, magana ce ta kai da komowa. Sandunan da ke kan waya suna nuna yadda waya ke jin na'ura ne kawai, ba su faɗa maka yadda na'ura ke jin waya. Ita waya ɗan guntun eriya gare ta a cikin jikinta, kuma tana tattalin batir, muryarta ba ta kai ta na'urarka ba. Da ka ƙure ƙarfi, sai wayar wanda ke can lungu na uku ta ga sanda cike ta haɗu. Ta aiko saƙo, na'ura ba ta ji da kyau ba, ta sake aikowa, ta sake, daga nan su biyun su sauka zuwa mafi ƙanƙantar gudu don su fahimci juna.

Nan ne gizo ke saƙa. A kan tasha guda, baki ɗaya ne ke magana a lokaci guda, saura jira suke. Mu ƴan Damagaram ba sai an koya mana layin famfo ba. Famfo ɗaya ne, in wani ya kafa jarka ya toshe bakinta da mazurari mai ƙaramar huda, duk na bayansa sun tsaya, har da kai da kake gindin ƙarfen. Wayoyin nesa su ne masu mazurarin nan, kuma kai ka gayyato su.

Game da lambobin: da dBm ake auna ƙarfin da na'ura ke fitarwa, dBm 20 daidai yake da miliwat 100. Duk ƙarin 3 ninki biyu ne, wato 23 miliwat 200 ne, 30 kuwa wat guda cur. Ka sauko da ita tsakanin 17 da 20 ka gani. Faɗin tasha kuma ka cire shi daga 20/40, ka kafe shi a 20. Wannan ba ya buƙatar shawara.

ƊanKano_AKasuwarDole:
Injiniya, da girmanka, ni ban gamsu ba. Tawa a ƙarshen ƙarfi take tun ranar da na ɗaura ta, kuma har mutanen da ke tsallaken titi suna sayen tike a wurina. In na rage, ai kasuwata na rage. Wa zai ƙi kwastoma?

Injiniya_TudunJamus:
Wayoyi nawa ke hawa taka a lokaci guda?

ƊanKano_AKasuwarDole:
Goma sha biyu, sha biyar. Kasuwa ce, da magariba an watse.

Injiniya_TudunJamus:
To ai shi ke nan. Layinka bai yi tsawon da za a fara faɗa ba. Ranar da suka kai arba'in ka dawo mu yi magana.

TsohonMalaminFizik:
Ƴaƴana, bari tsoho ya sa baki. Ana yawan cakuɗa abu biyu: ƙarfin da na'ura ke fitarwa, da ƙarfin eriya wanda ake aunawa da dBi. Na farkon baki kaɗai yake ƙara wa. Eriya mai kyau kuwa tana ƙara baki, tana ƙara kunne. Wanda ke son ya kai nesa da gaske, eriya zai gyara.

Amma eriya ba ta ƙirƙiro komi daga babu. Matse siginar take yi ta tura ta wani gefe. Irin tsayayyun nan masu watsawa ko'ina, siginarsu ba kamar ƙwallo take fita ba, kamar faifai take, a shimfiɗe. Tana bazuwa gabas da yamma, kudu da arewa, amma sama da ƙasa kaɗan ne. Ɗana MaiWifi ya ce mita 12 ya ɗaga tasa. Faifan nan yana wucewa ta saman kawunan masu sayen tikensa ne, ya tafi ya sauka a wata unguwa. Na kusa, waɗanda ke zaune a gindi, gefen faifan kawai suke samu. Sannan tana can sama tana jiyo hayaniyar duk wata wifi da ke rabin garin, kuma duk wadda ta jiyo a tasharta sai ta dakata mata.

Gidajen unguwanninmu yawancinsu bene babu. Mita 5 ko 6, yadda za ta leƙo saman katanga ta ga inda ake zama, ya isa. Tsawo na masu haɗa gida da gida ne daga nesa, ba na mai sayar wa ƴan ƙofar gida ba.

MaiWifi_GarinMalam:
Kai, Baba Malam! Kuɗin da na ba mai walda don a ƙara wa ƙarfen nan tsawo, ashe da na sha nono da su.

Ɗalibi_JamiarAndreSalifou:
Yaya MaiWifi, maganar oto ɗin nan ma a duba. A 2.4 tashoshi 13 ne, amma tazarar MHz 5 ce kawai tsakanin kowace da ta kusa da ita, alhali siginar kanta faɗin MHz 20 take ci. Ke nan tasha 3 tana taka 1, tana taka 6. Shi ya sa aka saba da guda uku waɗanda ba sa shiga gonar juna: 1, 6 da 11. Wato 2412, 2437 da 2462, in na'urarka lambobin take nunawa maimakon sunan tasha.

Abin da ya ba ni mamaki ranar da na fara karanta shi: gara ku haɗu da maƙwabci a tasha guda da ku zauna kusa da juna. In ku biyu kuna kan 6, na'urorinku suna fahimtar juna, wannan ta yi shiru wancan ta yi magana. In kana 6 shi yana 4, ba ku gane maganar juna, surutu kawai kowa ke zuba wa ɗan'uwansa. Oto kuwa sau da yawa lokacin da na'ura ta tashi take zaɓa. An ɗauke wuta da rana, ta dawo lokacin iska shiru, ta zauna inda ta ga dama, da dare kuma labari ya canza.

Shi 40 ɗin da Injiniya ya ce a cire, dalilinsa ke nan: duka filin 2.4 bai wuce MHz 83 da ɗan kai ba. Ka ɗauki 40, ka cinye kusan rabi kai kaɗai.

Ka sauke manhajar WiFi Analyzer a wayar Android ka zagaya da dare, za ka gan su duka kamar tuddai.

Gwani227:
Ɗalibi, 1, 6, 11 lissafin Amurka ne, su da tashoshinsu suka tsaya a 11. Inda ake da 13 ana iya yin huɗu: 1, 5, 9, 13. Ni a 13 nake, ba kowa a wurin, ina shan iska ni kaɗai.

Ɗalibi_JamiarAndreSalifou:
Gaskiya ne a takarda, in kowa a unguwa ya yarda ya bi tsarin huɗun, kuma duk a faɗin 20. Amma in maƙwabtanka na 6 da 11, kai ka shiga 9, ka taka su duka biyu. Kai ma da ke 13, in akwai wani a 11 kusa da kai kuna gogar juna. Kuma akwai wayoyi da kwamfutocin da aka yi don kasuwar Amurka, ba sa ganin 12 da 13 sam. Mai sayar da tike ba zai so a ce ana neman sunan wifi ɗinsa an rasa ba.

Gwani227:
Ya taɓa faruwa sau ɗaya, wata tsohuwar kwamfuta ta gwanjo. Na ɗauka ita ce ta lalace.

Injiniya_TudunJamus:
Tunda an taɓo ƙasa: akwai gurbin zaɓen ƙasa a saitin. Wasu na sa wata ƙasa daban wai don na'ura ta buɗe musu ƙarin ƙarfi. Ku bar wannan. Tashoshin da aka yarda a yi amfani da su da iyakar ƙarfi abu ne da hukuma ke tsarawa, a nan ARCEP ce, hukumar kula da sadarwa. Ƙarfin da ake haƙilon nema ɗin ma mun ga ba shi ne magani ba.

HajiyaMaiKanti_SabonGari:
Sannunku da ƙoƙari. Ku gafarce ni in sako tawa, ko da ba sana'ar nake ba. Ƙaramin rutar ne a gida, ni da yara. An rubuta gudun mega 300 a kwalinsa, amma ɗana ya duba a kwamfuta ya ce 54 take nuna masa, ko yana zaune kusa da shi. Cutata aka yi a wurin saye?

Ɗalibi_JamiarAndreSalifou:
A'a Hajiya, ina jin ba a cuce ki ba. Ki ce ya shiga wajen tsaro, inda ake sa kalmar sirri. In ya ga TKIP ko WEP, tsofaffin hanyoyin kulle wifi ne, ya mayar da shi WPA2 da AES. Tsarin 802.11n, wanda ke ba da gudu mai yawa, ba ya aiki da TKIP, sai na'ura ta koma tsohon gudu na 54. Ya kuma tabbata gurbin da aka rubuta WMM a saitin a kunne yake, kashe shi ma yana jawo haka.

Sai dai kada ki sa ran 300 ɗin. Wannan sai da faɗin 40 da eriya biyu a kowane ɓangare. A faɗin 20, 144 ne iyaka, yawancin ƙananan wayoyi kuma masu eriya guda 72 suke tsayawa. Abin da ke isowa hannu a zahiri wajen rabin wannan ne.

HajiyaMaiKanti_SabonGari:
Ya ce TKIP ɗin ne kuwa. Allah ya yi maka albarka ɗana, ya ba da sa'ar karatu.

MaiWifi_GarinMalam:
Tsaya, Ɗalibi. Wato duk mutum 43 ɗin nan, abin da bai kai mega 40 ba suke rabawa, ko da kamfani ya ba ni 200?

Ɗalibi_JamiarAndreSalifou:
In an yi sa'a ma ke nan, yaya. Da wayoyin nesa da surutun maƙwabta, ya yi ƙasa da haka sosai.

Kawu_Mirya:
Ni dai abin da na lura, duk lokacin hunturu in hazo ya sauko wifi ɗin jikana sai ya riƙa yankewa da asuba. Ƙurar nan ba ta tare siginar kuwa?

MaiSola_Tanut:
Kawu, ina wuni. Da sola yake aiki, ko? Ina kyautata zaton ba siginar ƙura ta tare ba, rana ta tare. Faifan sola ya yi butu-butu, hasken ma ya dushe, batir bai cika ba, kafin asuba ya sauka, na'ura ta mutu ta tashi. A tazarar mita hamsin ko ɗari hazo ba ya yi wa wifi wani abin kirki. A sa yaro ya riƙa goge faifan kowace safiya.

Abubuwan da ke tare ta da gaske: rufin kwano, katangar laka mai kauri irin ta Birni, duwatsun nan namu, da itace mai ganye, musamman in ya jiƙe. Na taɓa haɗa wa wani gida da rani komi ƙalau, damina na sauka dogon yaron da ke tsakani ya cika ya rufe hanya. Sai da muka matsar da ƙarfen.

MaiWifi, in za ka sauko da ita kada ka manna ta a jikin kwano. A watan Afrilu da Mayu zafin nan yana haura digiri 40 a inuwa, balle kan kwano. Kuma kafin damina ka sa wayar ƙasa saboda tsawa.

Kawu_Mirya:
Da sola ne. To madalla, ashe tsumma ne maganin.

Kabukabu_Karkada:
Ni bari in ba ku tawa wautar ku yi dariya. Na sayi wata na'urar wifi ta waje, CPE210, don in ba ƴan tasharmu ta kabu-kabu wifi. Ina cikin saiti na ga wani gurbi an rubuta MAXtream. Na ce a raina, abin da ya fara da MAX ai alheri ne, na danna. Wallahi kwana biyu ba wayar da ta haɗu. Na sake kebul, na sake kan kebul, na hau ƙarfe da tsakar rana har tafin hannuna ya yi bororo. Ashe wannan yare ne na tsakanin na'urorin kamfanin kawai, na haɗa wuri da wuri. Waya ba ta jin sa. Na cire alamar, nan take suka shigo kamar an buɗe ƙofar gidan biki.

Injiniya_TudunJamus:
Ba kai kaɗai ba ne. Irinsa ne airMAX a Ubiquiti da Nv2 a MikroTik. Suna da amfani ƙwarai a wurinsu, amma in wayoyi za ka ba, a kashe. Kuma ka tuna CPE210 gaba kawai take kallo, kusan digiri 65. Na bayanta sai abin da ya tsiyayo.

Gwani227:
Duk wannan wahalar ta 2.4 ce. Ku koma ɗaya zangon, na 5 GHz, ku huta. Tashoshi birjik, ba mai taka wani.

ƊanKano_AKasuwarDole:
Gwani, ka duba wayoyin da ke hannun mutane tukuna. Da yawa daga cikin ƙananan Android ɗin nan masu araha ba su san da 5 ba. Kuma ba ta ratsa katanga kamar 2.4.

Injiniya_TudunJamus:
Ku duka biyun kuna da gaskiya, shi ya sa mai yin biyun ta fi. Masu manyan wayoyi su hau 5, su rage wa na 2.4 cunkoso. Ba sai kowa ya koma ba, ko kashi ɗaya cikin uku ya tashi an ji sauƙi.

Wanda zai sa 5: a wurin taron jama'a faɗin 20 ko 40 ya isa, 80 na cikin ɗaki ne. Sannan akwai tashoshin da ake rabawa da radar, daga 52 zuwa 64 da kuma 100 zuwa 140, su ake kira DFS. In ka zaɓi ɗaya, na'ura ba ta fara watsawa sai ta yi shiru na minti guda tana saurare. A 120, 124 da 128, inda radar ɗin yanayi ke aiki, a tsarin Turai jiran har minti 10 ne. Ka haɗa wannan da yadda ake ɗauke wuta a maido. Na san wanda ya kusa jefar da sabuwar na'ura don duk dawowar wuta sai ya ga 2.4 ta fito, 5 shiru. Tashoshi 36 zuwa 48 ba su da wannan jiran.

MaiWifi_GarinMalam:
Na zagaya da WiFi Analyzer jiya da dare. Abin da na gani: tawa ta je ta zauna a 4. Maƙwabcina na gabas yana 6, da faɗin 40, tudunsa ya rufe kusan komi. Na bayan masallaci yana 2. Ban da su akwai ƙananan na gidaje da na wayoyi sun fi goma, amma raunana ne. Na gabas ɗin a ƙofar shagona -52 yake nunawa, kusan ya kai tawa ƙarfi. 11 ce kawai na ga da ɗan sarari, na koma can, na sa faɗi 20, ƙarfi 18.

Ɗalibi_JamiarAndreSalifou:
Ga masu tambayata ta gefe: lambar da alamar ragi take, don haka ƙaramar lamba ita ce mai ƙarfi. -50 lafiyayye ne, wajen -67 har yanzu ana kallon bidiyo, daga -80 kuwa sai addu'a.

Kawu_Mirya:
Ɗana, ku uku ne, tashoshin kirki ma an ce uku ne. To me ya rage? Ka sayi goro ka je ka gaida su bayan la'asar. Ka nuna musu hoton tuddan nan a wayarka, kowa ya ɗauki ɗaya, kowa ya rage murya. Tare kuke sallah, ba a rasa mai faɗa a ji a unguwar ba. Ko masu gona in iyaka ta rikice zama suke.

BabanFada_Zango:
Kawu, zamanin ya wuce nan. Ka je ka ce wa abokin gasarka ya rage ƙarfin na'urarsa? Cewa zai yi so kake ka kwashe masa mutane. Yana juya baya zai ƙara.

Kawu_Mirya:
In ya ƙara kansa ya cuta, ai haka Injiniya ya ce. A dai je.

Injiniya_TudunJamus:
Saura ƴan abubuwa uku masu ɗan zurfi, in na'urarka ta ba da dama.

Akwai gurbin da ake zaɓen tsarin wifi, an rubuta b/g/n. Wannan b ɗin tsarin 1999 ne, gudunsa 1, 2, 5.5 da 11. Da wuya ka samu wayar da ke buƙatarsa yau. Ka mayar g/n. Dalili: na'ura tana shelar sunanta kusan sau goma a kowace daƙiƙa, kuma da mafi ƙanƙantar gudu take yin shelar. In 1 ne mafi ƙanƙanta, shelar kanta tana cin lokaci. Saboda haka ma kada ka tara sunaye. Na ga mai SSID, wato sunan wifi, har biyar a na'ura guda, ɗaya na gida, ɗaya na shago, ɗaya da lambar wayarsa don talla. Kowane suna da shelarsa.

Tunda wifi ɗin tike a buɗe yake ba kalmar sirri, ka kunna abin da ke hana wayoyi ganin juna. Yana rage surutu, yana kare mutane.

Na ƙarshen shi ne mai ɗaci. Ana iya sa iyaka, duk wayar da siginarta ta yi ƙasa da, a ce, -78, na'ura ta sallame ta. Layi zai yi sauri nan take. Amma ka san wa ka kora.

ƳarBirni:
Yauwa, na ji daɗi da ka ce ka san wa ka kora, Injiniya, don mu ne. Maza suna fita su zauna a fada a gindin ƙarfe. Mu muna cikin gida bayan katanga biyu, nan muke sayen tike ta hannun yara, nan muke tallar turare da atamfa a WhatsApp. Mai wifi na unguwarmu ya sa irin wannan iyakar, rana ɗaya duk matan layin muka faɗi. Kuɗinmu da na ƴan fada ba iri ɗaya ba ne? A tsakar gida kusa da murhu kaɗai nake samu yanzu, ina riƙe da waya sama kamar mai neman wata.

Injiniya_TudunJamus:
Kin yi gaskiya ƴar'uwa, kuma ba saitin da zai gyara wannan. Maganinsa na'ura ta biyu kusa da ku, a wata tasha, an ja mata kebul. Ƙanana biyu ko uku masu sassauƙar murya sun fi babba ɗaya mai ihu. Kebul yana kaiwa mita 100, amma in ta cikinsa wutar na'urar ke bi a duba takardarta, wasu ba sa kaiwa haka. A nemi na jan ƙarfe zalla, ba alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe ba.

Gwani227:
Ko ya sa mai maimaita sigina, ba ruwansa da jan kebul.

Ɗalibi_JamiarAndreSalifou:
Mai rediyo guda sai ta karɓa sannan ta sake faɗa a tasha ɗaya, gudu ya rabu biyu. A inda mutum 43 ke layi, ƙarin mai jarka ne kawai.

BabanFada_Zango:
Ni har yanzu ina nan kan cewa mutum biyu masu sauke fim sun isa su kashe kowa. Ka sa wa kowane tike iyakar mega 2 a MikroTik, ka ga aiki.

TsohonMalaminFizik:
Wannan karon BabanFada bai yi kuskure ba. A haɗa da shi.

MaiWifi_GarinMalam:
Salam. Kwana biyar ke nan, ga inda aka kwana. Mun sauko da na'ura zuwa mita 6, ni da ƙanena, saura kaɗan ƙarfen ya faɗa kan akuyar maƙwabta. Tasha 11, faɗi 20, ƙarfi 18, na cire b, kowane tike mega 2. Iyakar sallamar nan ban sa ba, maganar ƳarBirni ta tsaya mini a rai, rabin masu aiko yara sayen tike mata ne.

Da dare yanzu ana kallon bidiyo a ƙofar gida, ba wanda ya sake neman kuɗinsa. Wajen ƙarfe 10 in sun haura arba'in yana ɗan nauyi har yanzu, amma ba kamar da ba. Sai dai ƴan fadar da ke bayan dutse, mutum bakwai ko takwas, sun ce rezo ya ɓace musu gaba ɗaya. Biyu sun koma wajen na gabas.

Na bi shawarar Kawu. Na bayan masallaci mutumin kirki ne, nan take ya miƙo mini kwamfutarsa, muka mayar da shi 1, shi ma ya ce ya ga canji. Na gabas ya karɓi goro, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce ko yana so ba zai iya ba: yaron da ya haɗa masa ya tafi Agadas da kalmar sirrin na'urar a kansa, lambarsa ba ta shiga. Yana nan a 6 da faɗin 40.

ƊanKano_AKasuwarDole:
Ka ji ko? Mutum takwas sun tafi. Abin da na faɗa tun farko ke nan.

Gwani227:
Na gabas ɗin ya danna ɗan maɓallin da ke mayar da na'ura sabuwa mana, daƙiƙa goma ne.

Injiniya_TudunJamus:
Kada ya kuskura sai da wanda zai sake haɗa masa a tsaye a wurin, in ba haka ba ya kwana ba wifi kuma MaiWifi za a ce ya yi masa asiri. In ya yarda, ranar Asabar bayan la'asar ina da sarari.

MaiWifi_GarinMalam:
Zan faɗa masa, Injiniya, Allah ya saka. Ni kuma ina tunanin ta biyun, mai 2.4 da 5, a kusurwar gidan kawuna, daga nan ana hango bayan dutsen da layin matan duka. Na auna da igiya, mita 70 ne daga shago. Tambayata: in ni ina 11, na masallaci yana 1, na gabas yana 6, ita sabuwar a wace tasha zan sa ta?

Ɗalibi_JamiarAndreSalifou:
Wace ce ta fi nisa da gidan kawun, ta masallaci ko ta gabas? Ka je can da dare ka ɗauko mana hoton tuddan.